Godiya ga makarantar mishan

'Yar'uwa, kin tambayi yadda za ki gode wa makarantar mishan da ke nan Damagaram, inda ɗanki ya shiga ajin CI, wato ajin farko na firamare, yana jin kunyar buɗe baki, yanzu kuwa ya kammala CM2, ajin ƙarshe, yana karatu da rubutu da Faransanci. Ki je da kanki wurin darakta tare da yaron, ki ambaci sunan kowane malamin da ya koyar da shi, ki faɗi abin da ya canja a halinsa. Idan kina da hali, ki sayi alli da littattafan rubutu domin amfanin makarantar gaba ɗaya.

Sharaɗi guda nake ba ki: kada ki miƙa wa malami ɗaya kuɗi a ɓoye, musamman idan ƙannen yaron suna can, domin na ga yadda irin wannan kyauta take jawo wa malamin kirki zargin son kai. Shekara 6 hannuwa da yawa suka raini yaron, har da mai gadin da yake tsare shi a inuwa cikin zafin Afrilu kafin ki zo ɗaukarsa. Ki kai kayan a watan Oktoba, lokacin komawa makaranta, sa'ad da buƙata ta fi yawa.