Tambayoyi da amsoshi kan ba wa kyanwa marar lafiya magani

Tambaya: Likita, kyanwata tana tofar da ƙwayar da likitan dabbobi ya rubuta mata. Yaya zan yi?

Amsa: Malama, ki naɗe ta cikin tawul ki bar kanta a waje, ki ɗaga haɓarta sama kaɗan, ki ajiye ƙwayar can ƙarshen harshe, sannan ki rufe bakin kina shafa maƙogwaronta har ta haɗiye. Ki bi ta da ɗan ruwa a sirinji marar allura ta gefen baki, domin wasu ƙwayoyin, musamman doksisaikilin, sukan maƙale su ji wa hanyar abinci ciwo. Kada ki daka ƙwayar sai kin tambayi likitan.

Tambaya: Jikin kyanwata ya yi zafi. Zan iya ɓantarar mata rabin parasitamol kamar yadda ake yi wa yara?

Amsa: Malam, don Allah kada ka kuskura. Wannan tambaya tana tayar mini da hankali, saboda yawanci ba a yin ta sai bayan an riga an ba da maganin. Hantar ɗan Adam tana da sinadarin da ke sarrafa parasitamol ya fita daga jiki, ita kuwa hantar kyanwa ba ta da isasshensa, don haka maganin yakan rikiɗe ya zama dafi, ya ɓata jajayen ƙwayoyin jini har su kasa ɗaukar iskar oksijin. Cikin 'yan sa'o'i za ka ga dasashinta ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi, fuska da ƙafafu sun kumbura, numfashi ya yi wuya. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 ta isa ta kashe babbar kyanwa, kuma rabinta ko ruwan na yara bai fitar da ita daga haɗari ba. Aspirin da aibufurofen ma suna lalata ciki da ƙoda. Ka kuma sani cewa zafin jikin kyanwa lafiyayya yana tsakanin digiri 38 da 39, wato ya fi namu, saboda haka taɓawa da hannu ba ta nuna zazzaɓi. Idan ka riga ka ba ta, ka garzaya da ita wurin likitan dabbobi yanzu tare da kwalin maganin, kada ka jira alamu, domin akwai makarinsa idan an zo da wuri. Masu ɗura mata ruwan gishiri ko mai wai don ta amayar kuwa, ban san ranar da za su daina ba: gishirin kansa guba ne, man kuma yana iya sarƙe ta ya gangara huhu.

Tambaya: Tana buƙatar ƙarin bitamin?

Amsa: Idan tana cin cikakken abincin kyanwoyi, ba ta buƙata sai likita ya ce. Bitamin A idan ya yi yawa, kamar ga wadda ake ciyarwa da hanta kullum, yana sandarar da ƙashin wuya.

Tambaya: An ce tafarnuwa na kashe tsutsar ciki.

Amsa: Hajiya, ba ta kashewa, jinin kyanwar take fasawa, ita da albasa. A auna nauyinta a ba ta maganin tsutsa na kyanwoyi.

Tambaya: Zan iya ɗiga mata maganin ƙuma na kare?

Amsa: A'a. Da yawansu suna ɗauke da farmetirin, wanda ke sa kyanwa karkarwa da jijjiga har ta mutu. Idan ya taɓa ta, a wanke wurin da sabulun wanke kwanuka da ruwa mai ɗumi, a kai ta asibitin dabbobi nan take.

Tambaya: Ta daina cin abinci tun da ta fara shan magani. In dakatar?

Amsa: Kada ki dakatar da kanki, ki kira likitan da ya rubuta shi a yau. Kyanwa, musamman mai ƙiba, idan ta kwana biyu ko uku ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta, don haka in ta wuce awa 24 ba ta taɓa abinci ba, ki mayar da ita ya duba ta.