Ƙullutu a Nono: Ko Za Mu Iya Jira Har Kaka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne, kuma ƙauyenmu yana da nisa da babban asibiti. Wata huɗu ke nan da maiɗakina ta ji wani ƙullutu mai tauri a nononta na hagu, amma ba ya yi mata ciwo. Ma'aikaciyar ƙaramin asibitinmu ta duba ta, ta ba mu takardar zuwa birni domin a ɗebi ɗan nama a gwada. 'Yan uwa sun ce kada mu yarda, wai daji ba ya son allura, da zarar ƙarfe ya taɓa shi sai ya bazu. Ga damina ta kankama, ɗan abin da ke hannuna ya tafi wajen taki da noma. Akwai laifi idan muka jira har kaka?
Daga wani manomi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ta lafiya. Shawarata ita ce kada ku jira, domin wata huɗun da suka wuce ma sun yi yawa. A shirin yaƙi da kansar nono, wato ciwon dajin nono, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021, an so a kammala duk gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti.

Rashin ciwon da ka ambata shi ne abin da ya fi yaudarar mutane. Manomi ya saba auna cuta da ko ta hana shi fita gona, alhali kansar nono a farkonta galibi shiru take yi, mace tana daka da ɗiban ruwa lafiya lau, ƙullutun yana girma a hankali. Sai a baya ne fatar wurin take komawa kamar ɓawon lemu, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini ya riƙa fita, ko kaluluwa ta taso a hammata. Ba ina cewa kansa ce ke damun maiɗakinka ba; mafi yawan ƙullutun nono ba kansa ba ne. Sai dai hannu ba ya iya rarrabewa, ko da hannun ƙwararren likita ne, shi ya sa ake ɗaukar hoto a kuma duba naman a ɗakin gwaji.

Batun allura kuwa, na san inda maganar ta samo asali, kuma ba na ganin wautar masu faɗarta. Sun ga an kai wata asibiti, an yi mata aiki, ba a jima ba ta rasu, sai suka ɗora laifin a kan wuƙa. Abin da ba su gani ba shi ne, an kai ta ne bayan shekara ɗaya ko biyu ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe a gida, har cutar ta riga ta kai huhu ko hanta ko ƙashi. Gwajin da aka rubuta muku ƙaramin aiki ne: za a kashe zafin wurin, a sa allura a ɗauko ɗan ƙaramin nama, a rufe da filasta, yawanci ta koma gida a ranar. A ƙasashe masu arziki, inda ake gano cutar da wuri kuma kusan kowace mai ita sai an yi mata wannan gwajin, fiye da kashi 90 cikin 100 suna raye shekara biyar bayan ganowa.

Ban raina maganar kuɗi ba, amma ita ma lissafinta yana goyon bayan gaggawa. Cutar da aka tara da wuri tana iya tsayawa a tiyata da taƙaitaccen magani, wadda aka bari kuwa tana jawo zirga-zirga mai tsawo, domin ƙarin ruwan maganin kansa galibi duk mako uku ake yin sa har tsawon watanni, gasa wurin cutar da hasken na'ura kuma kullum ne na wasu makonni, a 'yan manyan biranen da ke da injin. Abin da za ka ranta yau ka biya da kaka ya fi sauƙi a kan gonar da za a sayar baɗi.

Kafin ku kama hanya, ka roƙi ma'aikaciyar ta bincika muku ranar da likitocin tiyata suke ganin masu matsalar nono, don kada ku yi tafiyar banza. Ku riƙe takardar da ta ba ku, ku tafi da wata 'yar uwa da maiɗakinka za ta sake da ita, ku kuma tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya ko akwai tallafi. Sakamakon gwajin kan ɗauki kwanaki ko 'yan makonni, saboda haka ka bar lambar waya mai aiki, ka karɓi tasu, kuma idan ranar da suka ɗiba ta wuce ba ku ji kira ba, kai ka neme su.