Tambaya da Amsa: Hoton da na sa ya cinye min rubutun silaid

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe, sati mai zuwa zan yi difens, wato kare binciken da na yi a gaban malamai, na haɗa silaid a PowerPoint na sa hoton gonar da na yi bincike a kanta a bayan kowane shafi, amma sufabaiza ɗina ya ce shi sam ba ya ganin rubutun, kuma fayil ɗin ya ƙi tafiya ta imel. Ga alƙaluman da na tara ban san yadda ake mai da su chart ba.
Daga wata ɗaliba a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Gaskiya sufabaizanki ya faɗa, hoton gona akwai kore akwai ja akwai hasken rana, duk kalar da kika ba rubutu sai ya ɓace a wani wajen, kuma abin da kike gani tas a laptop ɗinki in aka haska shi da majigi a ɗakin da taga ke buɗe da rana tsaka dusashewa yake yi, malamin da ke can kujerar baya sai dai ya yi ta ƙanƙance ido. Ki shiga Design ki danna Format Background ki zaɓi Solid fill, fari ko ruwan madara, rubutu baƙi, sai Apply to All. In ranki na kan hoton nan ki bar shi a shafin farko kaɗai, ki ja Transparency har ya yi fari-fari.

Sauran hotunan kuwa ta Insert sai Pictures, kuma in za ki ƙara musu girma ki ja ta kusurwa, in kika ja ta gefe buhun masara sai ya koma kamar an danne shi da mota. Nauyin fayil kuma hotunan waya ne suka jawo, Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25MB. Ki danna hoto ɗaya, Picture Format, Compress Pictures, ki cire alamar Apply only to this picture ki zaɓi 150 ppi, shi ke nan.

Chart ɗin ne ma na fi so ki ba lokaci. Insert, Chart, ki zaɓi irin wanda kike so, wani ɗan shafin Excel zai buɗe da lambobin gwaji, ki goge ki zuba naki. In kwatanta abu kike yi, misali amfanin gona huɗu, ki ɗauki Column. In canji ne daga wata zuwa wata Line ya fi. Pie kuwa kar ya wuce yanka biyar, na sha ganin ɗalibai sun yanka shi goma sha biyu sai ka rasa wanne ne wanne, abin yana ba ni tausayi don wahalar tattara bayanan ta tafi a banza. Taken chart ɗin ya faɗi sakamakon kai tsaye, kamar "gonar da aka sa wa takin gargajiya ta fi yabanya".

In akwai ƙ, ɗ, ɓ a rubutunki ki ajiye kwafi ɗaya a PDF cikin filashi, don wata kwamfutar kan mai da su akwati-akwati. Kuma ki roƙi mai kula da majigin sashenku ya bar ki ki gwada kwana ɗaya kafin ranar.