Amsa: Yadda sukuwar dawaki ta kafu a ƙauyukan dajin Ostareliya

Ɗan'uwa, ka ce ka ga bidiyon sukuwa a Birdsville, kana mamakin yadda garin da mazaunansa ba su wuce ɗari da 'yan kai ba yake tara dubban mutane, kuma kana son sanin bambancinta da wasan da suke kira jimkana.

Tushen abin kiwo ne. Birdsville na bakin hamadar Simpson a jihar Kwinsland, kimanin kilomita 1,600 daga Birisben, kuma hanyar koro shanu ce zuwa kudu, har da shingen kwastan kafin jihohin ƙasar su haɗe a 1901. Gandayen kiwon yankin manya ne ƙwarai, mutum kan yi watanni bai ga maƙwabcinsa ba. A 1882 masu gandaye da makiyayansu suka yi sukuwar farko a garin, da dawakan da suke bin shanu da su kullum. Haka sukuwar gandun kiwon Brunette Downs a arewacin ƙasar ta fara a 1910, ta Landor a yammacinta kuma a 1921. Taron shekara ne: a yi tsere, a yi ciniki, a yi rawa da dare.

Abin da ya fi ba da sha'awa a tarihin shi ne raba dawaki gida biyu, masu cin hatsi da masu cin ciyawa. Dokin da aka ɗaure a barga ana ba shi hatsi ya fi na kiwo ƙarfi da numfashi, kuma mai kuɗi ne kaɗai ke iya kai hatsi irin wannan nisa. Don kada mai hali ya riƙa kwashe kyauta duk shekara, ƙungiyoyi da dama suka sa doka: a kawo dawakan makonni kafin ranar, a zuba su a shinge ɗaya a hannun ƙungiya, su ci ciyawa iri ɗaya, sai saura 'yan kwanaki a mayar wa kowa nasa ya yi masa kilisa. A ganina wannan dokar ce ta riƙe sukuwar a hannun makiyaya tsawon lokaci. Tana da nata wahalar. Dokin ciyawa yakan fito da tumbi, numfashinsa gajere, don haka gajeren zango ya fi dacewa da shi. Mai gaggawar da ya matsa masa gudu a kwanakin nan zai same shi yana ɗingishi, wanda kuma ya ɗura masa hatsi farat ɗaya zai jawo masa ciwon ciki ko kumburin kofato.

Jimkana kuwa gwajin iya sarrafa doki ce. Ana kafa durom uku kamar duwatsun murhu, mahayi ya zagaye kowanne ya dawo, ana duba agogo. Wanda ya kayar da durom akan ƙara masa daƙiƙa biyar. Akwai ratsa jerin sanduna dama da hagu, akwai fizgo tuta daga kan sanda a jefa a durom. A nan dokin da ke jin linzami da gwiwar mahayi yakan kayar da mai gudu, shi ya sa yara da mata da makiyaya 'yan asalin ƙasar, Aborijin, suke shiga sosai. Oodnadatta da William Creek na Ostareliya ta Kudu har yau suna yi.

Da babura da jirage masu saukar ungulu suka karɓe yawancin aikin tattara shanu, dawakan aiki suka ragu. Yanzu dawakan tsere na ainihi ake kaiwa Birdsville a mota, tseren babban kofin kuma mita 1,600 ne. Ana yi a farkon Satumba, kafin zafin da kan haura digiri 45 ya shigo, ana kuma tara wa hukumar likitocin da ke zuwa wa marasa lafiya a jirgin sama kuɗi, wadda ta fara aiki a 1928.

Filin fako ne na yumɓu. In ya bushe, dokin da ya makara a tashi ƙurar na gaba zai sha har ƙarshe. In ruwa ya sauka sai ya koma taɓo, hanyoyin ƙasa su rufe, kamar yadda ya faru a 2010 da aka fasa tseren. A 2007 kuma murar dawaki ce ta sa gwamnati ta hana zirga-zirga da su, jama'a suka taru suka yi bikinsu babu doki ko ɗaya a fili.