Tudun Silbury: Kabarin Sarki Ne Ko Tarin Alli?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana karatu a Ingila, kuma a hutun da ya wuce ya aiko mini da hotunan wani ɗan ƙauye mai suna West Kennett, inda ya ce gidajen ba su taka kara sun karya ba, amma a gefensu akwai wani tudu da mutane suka tara da hannu. Ina ganin hoton sai na tuna da dalar sarakunan Kush da ke Bajarawiyya a nan Sudan. Shin kabarin wani sarki ne, kuma an sami dukiya a cikinsa kamar yadda aka samu a namu? Daga wata malamar makaranta, Wad Madani.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tudun da kika gani sunansa Silbury, a gundumar Wiltshire da ke yammacin Landan, kuma ba ke kaɗai ce kika yi masa wannan zato ba, domin mutanen yankin sun daɗe suna ba da labarin wani sarki mai suna Sil da aka binne a ciki bisa dokin zinariya. Sai dai duk tonon da aka yi bai fito da gawa ko ɗaya ba, balle zinariya.

An tara tudun ne wajen shekara ta 2400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato kusan lokacin da garin Karma ya fara bunƙasa a bakin Nilu, kuma ya girmi dalar Bajarawiyya da shekaru kusan 2000. Tsayinsa ya doshi mita 40, gindinsa ya ci fili kamar hekta 2, kuma a cikin tuddan da mutanen zamanin da suka tara, babu wanda ya kai shi a duk Turai. Akasarinsa alli ne da aka haƙo daga kewayensa da ƙahon barewa, domin masu aikin ba su san ƙarfe ba. Ko Rumawa, waɗanda aka sani da miƙe hanya kamar igiya, da suka iso gindinsa sai da suka karkata hanyarsu, kuma wannan na cikin shaidun da suka nuna cewa sun tarar da shi a tsaye.

Inda labarinsa ya yi kama da namu shi ne wajen ɓarnar masu neman dukiya. Kin san yadda Ferlini, likitan nan ɗan Italiya, ya rushe kawunan dala a Bajarawiyya a 1834 har ya kwashi gwala-gwalan Sarauniya Amanishakheto. To, tun a 1776 aka kawo masu haƙar ma'adinai suka huda Silbury daga sama har ƙasa, a 1849 aka sake shigarsa ta gefe, sannan daga 1968 zuwa 1970 aka haƙa wani ramin, BBC tana nuna aikin a talabijin. Ba a cike ramukan nan yadda ya kamata ba, shi ya sa a shekara ta 2000 ƙoƙon tudun ya rufta, sai da aka yi aikin cike shi da alli a 2007 da 2008. A ganina bambancin bai wuce cewa Ferlini ya sami abin da ya je nema ba, su kuwa waɗannan sun koma hannu rabbana.

Kabari na gaskiya yana can kan wata jigawa a kudancin ƙauyen, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa, kuma mai wucewa zai iya ɗaukarsa kunyar gona ce babba. Tsawonsa kamar mita 100 ne, an gina shi wajen 3650 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), saboda haka ya riga dalar Giza ta Masar da kimanin shekara 1000. A bakinsa na gabas akwai ɗakuna 5 na manyan duwatsu, biyu a dama, biyu a hagu, ɗaya a ƙurya, kuma mutum yana iya shiga zauren a tsaye, ya ji sanyin dutse da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tonon da masu binciken kayan tarihi Stuart Piggott da Richard Atkinson suka yi a 1955 da 1956 ya fito da ƙasusuwan mutum fiye da 30, maza da mata, tsofaffi da jarirai, a haɗe wuri guda, abin da ya fi kama da makabartar dangi fiye da hubbaren sarki. Daga baya aka cike ɗakunan da ƙasa, aka toshe ƙofar da wasu irin gabza-gabzan duwatsu da har yau suke tsaye.

Daga kusa da ƙauyen kuma akwai layin duwatsu biyu-biyu da ya nufi ƙauyen Avebury, inda da'irar duwatsu mafi faɗi a duniya take, wadda UNESCO ta haɗa da Stonehenge, wata shahararriyar da'irar duwatsu a Wiltshire, a jerin wuraren tarihi na duniya a 1986. Yawancin duwatsun sun salwanta: a ƙarni na 14 an riƙa kayar da su ana binnewa, daga baya kuma manoma suka riƙa hura musu wuta, su kwara ruwan sanyi su fashe, su yi gini da su. A 1938, lokacin da mai binciken kayan tarihi Alexander Keiller yake sake tayar da su, an sami ƙwarangwal ɗin wani mutum a ƙarƙashin ɗaya daga cikinsu, tare da almakashi da tsabar azurfa na farkon ƙarni na 14, shi ya sa ake kiran dutsen da sunan wanzami.

Idan ɗanki zai koma, ki gaya masa an hana hawa Silbury saboda kada ya ƙara zaizayewa, sai dai a tsaya daga bakin hanya a kalle shi, amma kabarin a buɗe yake ba a biyan ko kwabo. Ya dai sa takalmin da zai jure taɓo, domin hanyar ta bi ta cikin gonaki ne, ta haye Kogin Kennet, wanda a wurin bai fi rafi ba.