Shayin rage ƙiba ba zai fisshe ki ba

'Yar'uwa, kin ce tun haihuwarki ta uku jiki ya ƙi komawa, gwiwa na ciwo, kin sha shayin rage ƙiba har kin gaji. Sannu, Allah ya ƙara lafiya.

Shayin nan ki ajiye shi. Galibinsu gudawa suke sawa, ruwa ne ke fita, kitsen na nan daram.

Ki fara da abin da kike sha. Lemon roba guda ɗaya, na rabin lita, yakan ɗauki sukari kusan giram 50. Zoɓo da kunun ayan da muke haɗawa a gida ma, in aka zabga musu sukari, duk kanwar ja ce. Tuwo kuwa ba abokin gaba ba ne, yawansa ne matsalar. Malmala biyu ta koma ɗaya, miyar taushe ko kuka ta fi yawa, ki sassauta hannu wajen zuba mai. Kwaɗon zogale da dafaffen wake suna riƙe ciki, ga araha. Awara da ƙosai su zama na marmari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Ki samu maƙwabciya ku riƙa zaga unguwa bayan asuba, ko Dandalin Murtala da ke Kaduna in kina kusa. Wannan rabin awar taki ce, wanke-wanke zai jira.

Rage rabin kilo a mako ya wadatar. Amma ki fara zuwa asibiti a auna jininki da sukari, a duba gwiwar, kuma in kina shayarwa ki gaya wa likita.