Ka sa taya mai tsayin inci 35 a Hilux, wane giyar aksil ya dace?

Malam, wannan nauyin da ka ce motar tana yi tun da ka cire taya 31 ka sa 35, ba laifin inji ba ne, taya ce ta yi wa giyar aksil ɗinka girma. Lissafin ba wuya: idan lambar giyar aksil ɗinka (wato sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya) 4.10 ce, ka ninka da 35 ka raba da 31, zai ba ka wajen 4.63. Wato 4.56 shi ne zai dawo da ita kusan yadda take a da.

Amma ni dai da 4.88 zan sa wallahi, tunda ka ce ƙauye kake shiga da damina ga kaya a baya, don tayar nan ba tsawo kaɗai ta ƙara ba har da nauyi, kuma cikin taɓo ko yashi ƙarfin ja kake nema ba gudu ba, kulocinka ma zai huta. Illarsa kawai in ka hau titin Zariya inji zai riƙa ɗaga murya.

In ka je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano kar ka yarda da bakin mai kaya, ƙirga haƙoran giyar da kanka. Kirawun (babbar giyar) mai haƙori 39 da finiyon (ƙaramar) mai haƙori 8 shi ne 4.88, 41 da 9 kuma 4.56. Sannan giyar aksil ɗin gaba da ta baya dole su zama iri ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa fowil, wato jan taya huɗu, a ƙasa mai tauri wani abu zai karye. Bayan ka yi kamar kilomita 800 da sabuwar giyar, ka juye man aksil ɗin.